Tsofaffin Hotuna da Ginin Mulkin Turawa

'Yan'uwa, a lokacin biki irin wannan mukan fito da tsofaffin hotuna. Ya kamata mu san yadda hoto ya fara aiki a ƙasarmu, da kuma wanda ya fara yi wa aiki.

A watan Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. Kafin watan ya ƙare, a nan Kwatarkwashi aka gwabza da rundunar Kanawa, inda Waziri Ahmadu ya rasa ransa. Turawan da suka zo da bindiga sun zo da kyamara. Sun ɗauki hoton ganuwar Kano da ƙofofinta domin mutanen Ingila su ga girman abin da aka ci. Daga baya suka juya kan nasu ginin: gidan Gwamna Lugga a Zungeru, gidajen Razdan da na Joji, bariki, da tashoshin jirgin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya bi ta Gusau kuma ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Irin waɗannan hotuna aka riƙa bugawa a katin gaisuwa da littattafai, ana nuna wa duniya cewa mulkin ya kafu.

A 1924, wajen babban baje kolin daular Ingila a Wembley, har gari mai ganuwa irin ta ƙasar Hausa aka gina, aka kai masu sana'a daga Nijeriya suna aiki a ciki, 'yan kallo suna zagayawa.

To, mu dubi hotunan da kyau. Ginin na tsakiya, tuta na sama, Bature na zaune a kan kujera, sunansa a rubuce. Waɗanda suka kwaɓa ƙasa, suka ɗauko azara, suka fasa dutse, wasunsu cikin aikin tilas, suna tsaye a gefe ba suna. Kuɗin harajinsu ne ya yi ginin. Kakanninmu ke nan.

Saboda haka muna roƙon kowane gida: a fito da hotunan da ke cikin akwati, a kai wa dattawa tun suna da rai, a rubuta sunan kowa da shekarar a bayan hoton, har da magina da masu ɗebo ruwa. Allah ya ba mu ikon cika wannan aiki, amin.