Kaɗa kiɗa da umarnin kwamfuta a gaban jama'a: asalin fasahar, yadda take aiki da hanyar koyonta

Rubutun umarni kai-tsaye, wanda ake kira live coding da Turanci, salon wasa ne da mai fasaha ke hawa dandamali da kwamfuta, ya riƙa rubuta mata umarni yana sauya shi nan take, ita kuma tana mayar da rubutun sauti ko hotuna masu motsi. Ba a zuwa da kammalallen kiɗa daga gida. Abin da 'yan kallo ke ji a lasifika shi ne abin da aka rubuta 'yan daƙiƙoƙi da suka wuce, kuma ana haska fuskar kwamfutar a babban allo domin kowa ya ga kowane harafi, har da na kuskure.

Asalin fasahar

A shekarar 1957 injiniya Max Mathews na cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka ya rubuta manhajar MUSIC, ɗaya daga cikin na farko da suka sa kwamfuta ta samar da sauti. A wancan zamani sai an jira na'urar ta gama lissafi kafin a ji abin da ta haɗa, don haka babu batun wasa a gaban jama'a.

A watan Oktoban 1966 injiniyoyin wannan cibiya, ƙarƙashin jagorancin Billy Klüver, suka haɗa hannu da masu fasaha goma, ciki har da John Cage da Robert Rauschenberg, suka gabatar da wasannin dare tara a birnin New York, inda aka gwama rawa da wasan kwaikwayo da na'urorin lantarki.

Salon da ake gani a yau ya bayyana ne wajen shekarar 2000, lokacin da kwamfutar tafi-da-gidanka ta samu ƙarfin sarrafa sauti ba tare da jira ba. Sai dai wani ƙorafi ya taso: mai kallo ba ya iya tantance ko wanda ya sunkuya a bayan kwamfuta kiɗa yake haɗawa, ko kuwa danna abin da ya naɗa kawai ya yi. A 2004 wasu masu wannan sana'a suka hallara a birnin Hamburg na Jamus suka kafa ƙungiyar TOPLAP, wadda ta ɗauki nuna allo ga jama'a a matsayin ginshiƙin aikin. Daga baya Alex McLean da Nick Collins na Birtaniya suka ƙirƙiro kalmar algorave ga taron rawa da irin wannan kiɗa, kuma an yi na farko da wannan suna a Landan a 2012.

Yadda take aiki

A al'ada, mai rubuta manhaja kan gama rubutu, ya kunna ta, ya tsayar da ita idan zai gyara. A nan ba a tsayarwa. Ana gina kiɗan ne a kan zagaye mai maimaita kansa. Mai wasa ya canja lamba ko kalma ɗaya, ya aika, zagaye na gaba ya fito da sabon sauti.

A manhajar Sonic Pi, alal misali, umarnin play 60 yana fitar da amo guda, play 72 kuma ya fitar da irinsa mai ninkin siranta, yayin da sleep 1 ke sa a dakata tsawon bugu ɗaya. A manhajar TidalCycles, rubuta "bd sn" yana raba zagaye gida biyu tsakanin babbar ganga da ƙarama, "bd*4" kuma ya buga babbar sau huɗu a cikin lokaci guda ɗin.

Akwai wurin da wannan lissafi ya haɗu da kiɗan Afirka. A 2005 masanin kimiyyar kwamfuta Godfried Toussaint na Jami'ar McGill da ke Kanada ya nuna cewa idan aka rarraba bugu a cikin gurabe daidai-wa-daida gwargwadon iko, ana samun tsare-tsaren kiɗan gargajiya da dama na duniya. Bugu 7 a gurabe 12 yana ba da tsarin bugun ƙarfe da aka sani a kiɗan Ewe na Ghana da na Yarabawa. TidalCycles ta shigar da wannan dabara, ta yadda "bd(7,12)" kaɗai ya isa a fitar da irin wannan rabo.

Matsayin kuskure

Haɗarin wannan wasa a fili yake. Idan mai wasa ya manta da baka ɗaya ko ya juya harafi, kwamfuta za ta ƙi karɓar umarnin, saƙon kuskure ya fito a allo kowa na kallo, tsohon kiɗan ya ci gaba har a gyara. Wani kuskuren kuwa yana iya katse sautin ɗungurungum ana tsakiyar rawa. Masu sana'ar sun ɗauki hakan a matsayin wani ɓangare na wasan. A birnin Mexico har an san wani salo da ake ba kowa minti tara ya fara daga allo fayau babu ko harafi, ya gina abin da zai iya kafin lokaci ya cika.

Wannan ne kuma ya sa fasahar ta shiga aji. Ɗalibin da ya rubuta umarni ba daidai ba yana jin sakamakon da kunnensa nan take, ba sai malami ya duba masa ba.

Hanyar koyo

Galibin kayan aikin kyauta ne. Sam Aaron ya ƙirƙiro Sonic Pi a Jami'ar Cambridge da haɗin gwiwar gidauniyar Raspberry Pi domin koyar da yara, tana ɗauke da darussa a cikinta, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Strudel, wadda aka fara a 2022 bisa tsarin TidalCycles, da Hydra ta Olivia Jack mai samar da hotuna, suna aiki ne a cikin burauza ba tare da an girka komai ba. SuperCollider ta James McCartney, wadda ta fito a 1996, ta fi zurfi da wahala, kuma ita ce injin sautin da wasu daga cikin sauran ke dogaro da shi.

Mai koyo kan fara da amo ɗaya da dakatawa, ya wuce zuwa zagaye, sannan ya jera zagaye biyu ko uku suna tafiya tare. Mataki mafi wuya shi ne sauya ɗaya ba tare da ya rushe sauran ba. Yana kuma iya naɗar sautin ganga ko kalangu ya saka a manhajar, ko da yake lanƙwasar muryar kalangu, wadda ke fitowa daga matsa igiyoyinsa a hammata, ba ta saurin kamuwa da lambobi.

Cikas da muhawara

Kalmomin umarnin duk na Turanci ne, kodayake ba su da yawa, kuma aikin na buƙatar kwamfuta da tsayayyar wutar lantarki. A fagen ilimi, an fara taron ƙasa da ƙasa kan fasahar a birnin Leeds na Ingila a 2015.

Har yanzu masu sana'ar ba su daidaita a kan amfanin nuna allo ba. Wasu na ganin rubutun da yawancin 'yan kallo ba sa iya karantawa yana ɗauke hankali daga kiɗan. Wasu kuma na cewa ba sai mutum ya iya kaɗa gurmi ba kafin ya amfana da kallon yatsun mai kaɗa shi.