Me Za a Yi da Dogo?

A ƙarshen shekarun 1970, lokacin Zuru da Yawuri da Argungu duk suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, an yi gasar wasannin kwalejojin horon malamai ta ƙasa a birnin Sakkwato. Cikin ayarin da ya zo daga Muslim Teachers College ta Legas akwai wani zanƙalelen yaro ɗan ƙwallon hannu, wanda a baya ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa. 'Yan ƙwallon kwandon makarantarsu suka ga tsawon nan zai tafi a banza, suka roƙi a ara musu shi, aka ara. Yaron shi ne Akeem Olajuwon, wanda a 1991 ya gyara rubutun sunansa ya koma Hakeem.

Na yi shekaru ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantun ƙasar Zuru kafin in dawo gida Dirin Daji in zauna, kuma abin da aka yi wa Hakeem a Sakkwato shi muke yi wa kowane dogon yaro har gobe. A hango shi a layin asembili kansa ya zarce na kowa, a ce "Kai dogo, zo nan," a kai shi ƙarƙashin kwando a tsayar. Daga nan kuma dabara ta ƙare. Sauran huɗun su yi ta cilla masa ƙwallo sama, abokan hamayya uku su yi masa taron dangi, ya juya ya taka ƙafar wani, alƙali ya hura usur. A tashi wasa a ce ai dama dogo da hankali dace ne. Alhali ba a taɓa gaya masa abin da zai yi da ƙwallon in ta shigo hannunsa ba, ba a kuma gaya wa sauran inda za su tsaya ba.

Wannan rikici ya girme mu. James Naismith ya ƙirƙiro wasan a Disambar 1891 a Springfield ta Amurka, da kwandunan 'ya'yan itace guda biyu da aka kafa a sama. Har zuwa 1937, duk lokacin da aka ci sai a dawo tsakiyar fili alƙali ya wurga ƙwallo sama, mutum biyu su yi tsalle. Aikin dogo kenan a zamanin: ya yi tsallen, ya mare ta zuwa ga nasa, ya kauce. Masu horarwa na ganin mutum mai tsawo sosai ba shi da kuzari, ba ya iya juyi.

George Mikan ne ya karya wannan zato. Ƙafa 6 da inci 10 gare shi, ga tabarau mai kauri, ga tafiya kamar zai faɗi. Kocinsa a Jami'ar DePaul, Ray Meyer, ya sa shi tsallen igiya da koyon rawa, ya kuma ɗora masa wani atisaye: ya tsaya ƙarƙashin kwando ya jefa da dama, ya cafe, ya jefa da hagu, ya cafe, ba tare da ƙwallon ta sauko ƙasa da kafaɗarsa ba. Har yau da sunan Mikan ake kiran atisayen, kuma shi ne abu na farko da nake sa kowane dogo ya yi, don ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da zobe. Mikan ya ci wa Minneapolis Lakers kofi biyar tsakanin 1949 da 1954. Tsarinsu ba shi da wani ɓoye-ɓoye: a jira Mikan ya iso, ya kafa bayansa a jikin mai tsaronsa, a ba shi. Don tsoronsa ne Fort Wayne Pistons suka riƙe ƙwallo suka ƙi jifa a Nuwambar 1950, aka tashi 19 da 18. Hukumar NBA ta faɗaɗa akwatin da ke gaban kwando daga ƙafa 6 zuwa 12 a 1951 don a nisanta shi da zobe, a 1954 kuma ta kawo agogon daƙiƙa 24. Haka tarihin ya ci gaba: dogo ya gagara, a sake doka. An ƙara faɗin akwatin zuwa ƙafa 16 a 1964 saboda Wilt Chamberlain, jami'o'in Amurka kuma suka hana dankara ƙwallo cikin kwando daga 1967 zuwa 1976, zamanin Lew Alcindor, wanda ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar.

A kan Chamberlain nake son tsayawa, don shi kaɗai ya gwada hanyoyin biyu: dogo ya ci maki da kansa, ko ya raba ƙwallo. A kakar 1961-62 an ba shi ƙwallo yadda ba a taɓa ba wa kowa ba. Maki 50.4 yake ci a kowane wasa in an raba, ranar 2 ga Maris 1962 kuma ya zuba wa New York Knicks maki 100 shi kaɗai a garin Hershey. Kofi fa? Boston Celtics ta Bill Russell ta ɗauka, Russell da bai kai rabin makin Wilt ba, amma ya tara kofi 11 cikin kaka 13. Sai a kakar 1966-67 koci Alex Hannum ya zaunar da Wilt a Philadelphia 76ers ya ce ya rage jifa. Ƙwallo za ta ci gaba da bi ta hannunsa, amma in an taru a kansa ya nemi Hal Greer ko Chet Walker ko Billy Cunningham. Makinsa ya sauko zuwa 24, ƙwallayen da yake miƙawa a ci suka kusa 8 a wasa, ƙungiyar ta ci wasa 68 ta faɗi 13, ta tsinke jerin kofuna takwas da Boston ta yi a jere, ta ɗauki nata. Mutum ɗaya ne, tsawonsa bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne sauran huɗun sun daina tsayawa kallo.

Hakeem ya isa Jami'ar Houston a 1980 bai san wasan sosai ba. A lokutan hutu yakan je cibiyar wasanni ta Fonde ya kara da Moses Malone, wanda ke buga wa Houston Rockets a lokacin, ya sha gwiwar hannu har ya koyi kare kansa. A 1984 Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa, shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Da farko sun gwada dogaye biyu, shi da Ralph Sampson mai ƙafa 7 da inci 4, har suka kai wasan ƙarshe a 1986 Boston ta doke su. Bayan nan shekaru suka yi ta wucewa yana cin maki, ƙungiya ba ta zuwa ko'ina, ana ta cewa yana da rowar ƙwallo.

Da Rudy Tomjanovich ya karɓi horarwa a 1992 sai ya share masa gida. Hakeem shi kaɗai a gefen akwati, sauran a baje a bayan layin maki uku, wanda NBA ta shigo da shi tun 1979: Kenny Smith, Vernon Maxwell, Robert Horry, Mario Elie, Sam Cassell. Dokar tsaro ta wancan lokaci ta taimaka ƙwarai, don ba ta yarda mai tsaro ya yi ta shawagi a tsakani ba, ko dai ya bi mutuminsa ko ya tafi gaba ɗaya ya taya a rufe mai ƙwallo. To in ka bar Hakeem da mutum ɗaya, ya cinye shi. In ka kawo na biyu, ya fitar da ƙwallo, a zagaya da ita sau biyu, wani ya jefa maki uku ba mai ɗaga masa hannu. Da haka suka doke Knicks ta Patrick Ewing da wasa 4 da 3 a 1994, shekarar da Hakeem ya haɗa gwarzon kaka da gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe. A 1995 ya wulaƙanta David Robinson, wanda aka ba gwarzon kakar, sannan suka share Orlando Magic ta Shaquille O'Neal 4 da babu. A Fabrairun wannan shekara yana azumin Ramadan yana wasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon wata.

Mu nan ba mu ga waɗannan wasanni kai tsaye ba. Ƙasar Zuru ƙasar soja ce, kusan kowane gida da mai kaki, kuma wani ɗan'uwa ne da ya zo hutu daga barikin Kaduna ya kawo kaset ɗin bidiyo da ya sha kallo har hotonsa na rawa. Muka yi ta mayar da shi baya a wuri guda. Hakeem ya karɓi ƙwallo bayansa na jikin Robinson, ya karkata kafaɗa dama, ya juyo hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, Robinson ya tashi sama, shi kuwa ƙafarsa ɗaya na nan manne da ƙasa, ya sake ɗagawa, ya zame ta ƙarƙashin hammata ya ajiye ta. Matasan da ke wajen hannunsa suke kallo. Ni ƙafar nake kallo, da ƙugun. Duk wanda ya taso yana ganin kokawar Dakarkari lokacin bikin Uhola ya san wannan tsayuwa: gwiwa a lanƙwashe, nauyi a ƙasa, kana jin inda abokin karawa ya jingina ta fatar bayanka, ka bar shi ya tura inda babu kowa. Shi ya sa in aka ba ni zaɓi tsakanin yaro mai ƙafa 6 da rabi da bai taɓa kokawa ba da wanda bai kai shi ba amma ya san ƙasa, na biyun nake ɗauka.

Bayan Hakeem, O'Neal ya ci kofi uku a jere da Los Angeles Lakers daga 2000 zuwa 2002 da ƙarfin tsiya, har abokan hamayya suka koma yi masa laifi da gangan don ya je jifan kyauta, inda hannunsa ke rawa. A 2001 NBA ta halatta tsaron yanki, wato mutum ya tsare wuri maimakon mutum. Nan kasuwar mai juya baya ta fara faɗuwa, don tun kafin ƙwallo ta iso shi an cika masa gaba da baya. Da Stephen Curry da Golden State suka ɗauki kofi a 2015 da ruwan jifan nesa, masu sharhi suka yi wa dogo jana'iza. Mu ma mun ɗanɗana: a Yulin 2021 D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas da jifan maki uku har 20, ba da wani ƙato a ƙarƙashin kwando ba.

Jana'izar ta zo da wuri. Nikola Jokic ɗan Sabiya, wanda sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi a 2014, ya zama gwarzon kaka a 2021 da 2022 da 2024, ya ci wa Denver kofi a 2023. Joel Embiid ɗan Yawunde ya zama gwarzon kaka na 2023. Jokic ba ya gudu, tsallensa ma da ƙyar za a zura jarida ƙarƙashin takalminsa. Yana tsayawa a saman akwati, fuskarsa na kallon fili, Jamal Murray ya zagayo ya karɓa a hannunsa ko ya wuce, Aaron Gordon ya sulale ta layin baya. Masu cewa wannan sabon abu ne ba su san Hannum da Wilt na 1967 ba.

Ra'ayina, tunda an daɗe ana tambayata a majalisa: ƙwallo ta taɓa hannun dogo a kusan kowane hari, amma ba dole ta mutu a can ba. Kuma ba na goyon bayan yaranmu su kwafi Houston ta 1994, duk da son da nake wa Hakeem. Tsarin Tomjanovich na tsaye ne a kan maharba huɗu da dokar da ta hana cunkoso. Mu dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke bi, kowace makarantar sakandare da na taɓa karawa da ita tsaron yanki take yi, biyu a gaba uku a baya, a dunƙule a bakin kwando. Filinmu jar ƙasa ce ko siminti mai tsagewa, zoben mai walda ne ya lanƙwasa shi daga rodi, allon katako ne da ke girgiza. In hunturu ya kama, iskar da ke tasowa da yamma sai ta kautar da jifan nesa da taki guda. Ba mai tsoron maharbinka, don haka ba mai fita daga akwati.

A irin wannan fili wurin dogo shi ne layin jifan kyauta, a tsakiyar ramin da ke tsakanin biyun gaba da ukun baya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ta saman kai, ya juya ya fuskanci kwando. In na tsakiyar baya ya fito gare shi, bayansa ya buɗe, ƙaramin yaro mai gudu ya shiga ta layin baya. In bai fito ba, dogo ya jefa daga ƙafa 15, tazarar da iska ba ta cika yi wa illa ba, ko ya buga ƙasa sau ɗaya ya shiga da kafaɗa. Sai an gaji da wannan an koma bin mutum da mutum ne zai sauka ƙasa ya juya baya, a nan atisayen Mikan zai biya kuɗinsa.

Wahalar ba a wajen dogon take ba. Gajerun ne ba sa son rabuwa da ƙwallo, musamman yanzu da kowa ke da Curry a wayarsa. A Zariya, inda Ba'amurken koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, har irin su Masai Ujiri da ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofi a 2019 suka bi ta hannunsa, yaro na samun wanda zai tsawata masa tun yana ƙarami. Mu a ƙaramar hukumar Sakaba malamin wasanni ɗaya ne ke riƙe ƙwallon ƙafa da guje-guje da fareti, kwando sai abin da ya rage na yamma. Dokar da na kan kafa a atisaye ita ce duk kwandon da aka ci ba tare da ƙwallo ta bi ta hannun dogo ba, ba a ƙirga shi. Makon farko ana ƙunƙuni, wasu su yi yaji su koma ƙwallon ƙafa. Waɗanda suka rage, zuwa mako na uku sun gano cewa wanda ya ba dogo ƙwallo ya ruga ba tare da ita ba, shi ne ya fi kowa cin maki.