Rigiletan mai

rigiletan mai (sn., nj.; jam'i: rigiletocin mai) Na'urar da ke daidaita ƙarfin fetur tsakanin famfon mai da nozul. A cikinta akwai fatar roba da sifirin. Idan ƙarfin ya wuce kima, sai ƙofa ta buɗe, rarar mai ta koma tanki.

*Ɗaurawa:* Akan zare fis ɗin famfo, a bar inji ya mutu da kansa, a cire kan batir, sannan a ɗaura ta a ƙarshen bututun nozul.

*Saiti:* A tayar da inji yana silo, a cire tiyon iska a toshe shi, a sassauta noti. Murɗa sukuru dama na ƙara ƙarfi, hagu na ragewa. Da yawa daga cikin injuna masu nozul na aiki da ƙarfin bar 3, wato psi 43.5, kafireto kuwa yawanci psi 5 zuwa 7 yake so. A injin tsere mai turbo, duk ƙarin psi ɗaya na iska sai ƙarfin mai ya ƙaru da psi ɗaya.

*Misali:* "Oga, fulogi ya yi baƙi, a duba rigiletan mai."