Yadda Daim Ɗin Amurka Ya Zama Abin Nema a Kasuwar Gwanjo

A watan Oktoban 2024 aka yi gwanjon wani ɗan ƙaramin silen kuɗi a Amurka, aka sallama shi a kan dala 506,250. Daim ne, wato santi goma, bugun shekarar 1975, kuma babu ko ƙwayar azurfa a jikinsa. Wasu mata uku 'yan gida ɗaya daga jihar Ohayo ne suka gaje shi. Mahaifiyarsu da ɗan'uwansu suka saye shi a 1978 a kan dala 18,200, suka adana a banki fiye da shekara arba'in. Abin da ya ba shi wannan daraja shi ne harafi ɗaya da aka manta ba a sa masa ba.

Tun 1796 Amurka ke buga daim, amma wanda ake kira na zamani ya samo asali ne daga rasuwar Shugaba Franklin Roosevelt a watan Afrilun 1945. Shi kansa ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa tun 1921, kuma a 1938 ya kafa gidauniyar yaƙi da shan-inna, wadda ta roƙi jama'a kowa ya aiko da daim ɗinsa. Shi ya sa da aka tashi karrama shi, wannan silen aka zaɓa. John Sinnock ya zana kansa a gaba, a baya kuma tocilan mai ci tsakanin reshen zaitun da reshen itacen ok. An fito da shi ranar 30 ga Janairun 1946, ranar haihuwar marigayin.

Har zuwa 1964, kashi 90 cikin 100 na kowane daim azurfa ce. Sai farashinta ya yi ta hawa, mutane suka shiga ɓoye sulalla, canji ya yi wuya a shaguna. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta cire azurfar, aka koma jan ƙarfe a ciki da gamin nikel a waje. Daga nan daim ya rabu gida biyu. Na kafin 1965 darajarsa na bin farashin azurfa komai goguwarsa, na baya kuwa santi goma ne kawai. Duba gefensa ya isa a gane: sabon yana da jan layi a tsakiya, tsohon fari ne tas.

Hukuma ta ɗora wa masu tara sulalla wani kaso na laifin ƙarancin, don haka daga 1965 zuwa 1967 ta daina sa harafin da ke nuna gidan da ya buga kuɗin. A 1968 aka dawo da haruffan, aka ɗora su a saman shekara: D na Denba, S na San Faransisko. A nan ne kuskuren ya samu ƙofa.

A wancan zamani, a Filadelfiya ake ƙera dukan tamburan ƙarfen da ake buga kuɗi da su. Ma'aikaci ne zai ɗauki ɗan ƙarfe mai harafi a baki, ya daidaita shi a kan tambarin, ya doka da guduma, ɗaya bayan ɗaya. In ya tsallake guda, haka za a tura shi San Faransisko, inda ake buga sulalla na musamman masu ƙyalli kamar madubi, waɗanda ake rufewa jeri-jeri cikin roba a sayar wa masu tarawa. An yi wannan mantuwa a 1968, da 1970, da 1975, da 1983. Na 1975 ya fi kowanne wuyar samu: cikin jerin sama da miliyan 2.8 da aka sayar a shekarar, biyu kacal aka sani marasa S. Ɗayan an sayar da shi dala 456,000 a 2019.

Na yau da kullum ma bai tsira ba. A 1980 Filadelfiya ta fara sa harafin P a daim ɗinta, sai ga wasu na 1982 sun fito babu shi, aka fi tsintar su a wajejen garin Sanduski na Ohayo. Irin waɗannan kurakurai sun kau ne bayan da aka daina dokan harafi da hannu, aka mayar da shi cikin uwar tambarin.

Akwai kuma ƙarancin da aka shirya da gangan. A 1996, don cikar silen shekara 50, gidan buga kuɗi na Wes Foyin ya fitar da sama da miliyan 1.4 masu harafin W, ba a kuwa zuba su kasuwa ba, sai cikin jerin da ake sayarwa.

Abu na ƙarshe da ya canza cinikin shi ne awon lafiyar sile. Kamfanin PCGS ya buɗe a 1986, NGC a 1987, suna ba da maki daga 1 zuwa 70 su rufe silen cikin roba. Masu saye kan sa madubin ƙara girma a kan tocilan, su duba ko layukan da suka ɗaure ta sama da ƙasa sun fito a rarrabe. Bambancin maki ɗaya kan ninka farashi.

Duk lokacin da labarin irin wannan gwanjo ya bazu, sai mutane su zazzage gwangwanin canji, da yawa kuma su ga daim na 1975 mara harafi su ɗauka sun yi tsintuwa. Filadelfiya ta buga ɗaruruwan miliyoyin irinsa a shekarar, duka babu harafi, domin ba ta fara sa P ba tukuna. Wanda ake nema shi ne mai ƙyallin nan na San Faransisko, kuma wurin dubawa shi ne tsofaffin jerin 1975 da har yanzu ke rufe cikin robarsu a gidajen waɗanda suka saya ko suka gada.