Jiƙaƙƙen Iri da Busasshe: Tarihin Yisti a Tukunyar Bahaushe

Wanda ya shiga kanti a Talata Mafara, ko a ƙauyukanta irin su Garbadu, ya ce a ba shi yisti, za a miƙo masa 'yar leda mai ɗauke da busasshen gari mai kama da tsaki. Kalmar aro ce daga Ingilishi, har ma wasu sun gajarta ta zuwa yis. Saboda haka ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa tun da sunan baƙo ne, abin ma baƙo ne. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin abin, sai dai a jiƙe ya san shi, kuma wannan ne ya sa tarihinsa yake da wuyar bi.

Bahaushe aikin ya raɗa wa suna. Yakan ce ƙullu ya tashi, ko ya kumbura, ko ya yi tsami, ba tare da ya ware abin da ke tayar da shi ba. Balarabe kuwa ya ware shi, ya kira shi hamira, daga tushe ɗaya da hamru, watau giya. Wannan dangantaka ta kalmomi ita ce za ta kai mu inda ba kasafai manazarta suke son leƙawa ba, watau tukunyar giya. Haramcin giya a Musulunci ba abin jayayya ba ne. Amma haramcin abu bai hana a san tarihinsa.

Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike tsakanin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya nuna matsayin giya a bukukuwansu da tsafe-tsafensu. Mata ne ke dafa ta. Akan jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, sa'an nan a sake dafawa. Bayan ta huce sai a zo ga sirrin sana'ar: a zuba ragowar giyar da aka yi a baya, wadda take da rai, a bar ta kamar kwana biyu. Wannan ragowa ita muke kira jiƙaƙƙen iri a nan. Tana da ƙarfi, tana kama aiki nan da nan, amma ba ta da haƙuri. Idan aka bar ta ba a ba ta sabon dahuwa ba, tsami yakan ci ƙarfinta ta lalace. Ke nan dole tukunya ta riƙa haihuwar tukunya, in kuwa ta wani gida ta mutu, sai a aika maƙwabta a roƙo.

Wasu al'ummomin Afirka ta Yamma sun nemi mafita ta hanyar busarwa. Matan Mosi na Burkina Faso sukan kwashe abin da ya kwanta a gindin tukunyar dolo su shanya shi, suna kiransa rabile, har a miya ake sa shi. Masu fito na arewacin Gana kuma sukan tsoma wata saƙaƙƙiyar ɗamara cikin giyar, su shanya ta, ta zama ma'ajiyar iri. Busasshe yana da nawa wajen farkawa, amma yana jure ajiya da tafiya.

To, abin da ba ya jure yankewa, yaya zai yi a ƙasa irin Zamfara? A ƙarshen ƙarni na 18 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a wannan ƙasa, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. Jihadin 1804 ya biyo baya. A zamanin Turawa kuma, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, Arewa ta kasance yankin da aka hana shigo da barasa domin 'yan ƙasa. Daga bisani Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka hana sayar da giya a jihar. Duk gidan da ya kife tukunyarsa, irinsa ya tafi cikin 'yan kwanaki. Maƙeri in ya daina ƙira yakan bar uwar maƙera, marini yakan bar karofi, amma jiƙaƙƙen iri ba ya barin kufai.

Inda dabarar ta tsira shi ne madafa. Mai waina takan jiƙa shinkafa, ta niƙa, ta bar ƙullu ya kwana, wata kuma ta haɗa shi da ɗan ragowar na jiya. Haka ake barin kwaɓin funkaso ya tashi. Ƙasar Mafara da Bakura kuwa, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ƙasar shinkafa ce.

Yistin leda ya biyo wata hanya dabam. Louis Pasteur ya tabbatar tun wajen 1857 cewa ƙwayoyin halitta masu rai ne ke wannan aiki. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg na ƙasar Danmak, ya ware iri guda tsantsa. Busasshen yisti na kamfani ya bazu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1973 kuma kamfanin Lesaffre na Faransa ya fito da wanda ake barbaɗawa cikin gari kai tsaye. Abin lura shi ne, jiƙaƙƙen iri taro ne na yisti iri-iri tare da bakteriya masu kawo tsami, na leda kuwa iri ɗaya ne tilo. Yana tayar da ƙullu cikin 'yan sa'o'i, amma ba ya ba shi tsamin kwana.

A ganina wannan canji ya fara taɓa harshe ma. Dā mai waina ba ta rabuwa da ruwan kanwa, domin da shi take kashe kaifin tsami kafin ta ɗora tanda. Ƙullun da yisti ya tayar da hantsi ba shi da tsamin da za a kashe, don haka yarinyar da ta koyi suya da na leda, idan ta ce ƙullu ya yi tsami, sau da yawa nufinta ya ɓaci, alhali a bakin kakarta nufin ya isa suya.