Takin Gargajiya da Takin Zamani: Tasirinsu ga Ƙasar Noma

Mafi yawan gonakinmu jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa da abincin shuka yadda ya kamata.

Takin zamani, wato kamfa, supa da yuriya, yana ba shuka abinci nan take. Yuriya na ƙunshe da kashi 46 cikin ɗari na sinadarin naitirojin. Sai dai yawan zuba ta ita kaɗai shekara da shekaru yakan sa ƙasa ta yi tsami, yabanya ta ragu ko da an ƙara buhuna.

Takin gargajiya kuwa, kamar kashin shanu, na awaki da na kaji, aikinsa a hankali yake, amma yana gyara jikin ƙasa, ya sa ta riƙe danshi. Gwajin da aka fara a Samaru, Zariya, a 1950 ya nuna cewa haɗa su biyun ya fi dawwamar da albarkar gona.

Saboda haka muna kira ga manoma da su kai ruɓaɓɓen taki gona kafin saukar damina, su riƙa binne yuriya kusa da gindin shuka bayan an yi ruwa, kuma su nemi shawarar malaman gona na yankunansu.