Mashaya da Tsarin Zaman Jama'a: Nazarin Pub na Birtaniya da Izakaya ta Japan

A Birtaniya da Japan, mashaya ta daɗe tana zama dandalin da ake haɗuwa bayan an tashi daga aiki. Wannan maƙala tana ganin cewa ladubban sha a wuraren biyu suna bayyana yadda kowace al'umma ta tsara alaƙar mutanenta: Birtaniya tana nuna daidaito, Japan tana kiyaye girma da matsayi.

A pub, bisa al'ada ba a zuwa teburin mutum a tambaye shi abin da yake so. Attajiri da lebura duk kanta suke zuwa, su jira, su biya nan take. Abokai kuma karɓa-karɓa suke yi: wannan ya saya wa kowa, sannan na gaba ya saya. Wanda ya sulale kafin nasa zagayen ya zubar da mutuncinsa. Al'adar ta yi ƙarfin da a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, hukuma ta hana saya wa wani giya, don kada maye ya gurgunta aikin ƙera makamai.

Izakaya ta samo asali ne a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, lokacin da masu sayar da sake, wato giyar shinkafa, suka fara barin masu saye su sha a shagonsu. A nan zama ake yi, ana cin abinci tare. Ba a kurɓa sai an ɗaga kofi an ce kanpai, wato kalmar buɗe sha, gaba ɗaya, kuma mutum ba ya zuba wa kansa. Ƙarami ne ke lura da kofin babba, ya cika masa da hannu biyu. Wannan ya dace da bayanin da masaniyar zamantakewa Chie Nakane ta yi a 1967, cewa alaƙar na sama da na ƙasa ce ginshiƙin zaman Japanawa.

Wasu za su ce a izakaya ne yaro ke samun bakin gaya wa maigida gaskiya. Haka ne, amma maigidan ne ya ba da izinin, kuma da gari ya waye kowa ya koma matsayinsa. Daidaiton Birtaniya shi ma yana da iyaka: sai a 1982 kotu ta hana mashayar El Vino ta Landan ƙin sayar wa mata a kanta.

Babban aibin tsarin biyu shi ne sun ɗaure zumunci a jikin kwalba. Musulmi, ko duk wanda ba ya sha, yakan rasa hirar da ake ƙulla aminci da neman ci gaba a wurin aiki. Matasa ma sun fara ja da baya, har a 2022 hukumar harajin Japan ta shirya gasar neman dabarun jawo su ga sha. Wannan kuskure ne. Abin da ya cancanci a kare shi ne dandalin haɗuwa, kuma ya kamata ƙofarsa ta buɗe ga wanda shayi kawai zai sha.